Amsa kan gwajin di-daima na Baba mai kumburin ƙafa

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Kin ce shekarunsa 72, ƙafarsa ta hagu ta kumbura, gwajin di-daima ya nuna 680 alhali takardar ta ce kada ya wuce 500, shi ne kike tambaya ko jini ya daskare masa a jijiya ke nan. A ɗakin gwajin jini nake aiki nan Kano, irin wannan takarda kuwa ta sha biyowa ta hannuna.

Gwajin nan ba gudan jinin yake gani ba. Ɓurɓushin da ke fita yake aunawa yayin da jiki ke narkar da daskararren jini, ko ma a ina yake. Shi ya sa abubuwa da dama ke ɗaga shi: tiyata, rauni, ciwon daji, sikila, zazzaɓi mai tsanani, juna biyu. Tsufa kaɗai ma ya isa. Na sha ganin dattijai sakamakonsu ya haura 500, a je a ɗauki hoton ƙafa a tarar jijiya lafiya lau. Amfaninsa na gaskiya shi ne idan ya fito ƙasa ga wanda dama zargin daskarewar jini bai yi ƙarfi a kansa ba, sai likita ya cire zargin. Idan ya hau, bai tabbatar da komai ba tukuna.

Tunda tsufa na ɗaga shi, shi ya sa likitoci da yawa ke ninka shekarun wanda ya haura 50 sau goma, su ɗauki wannan a matsayin iyakarsa. Ta Baba 720 ke nan, 680 kuwa bai kai ba. Amma kada ki yi saurin naɗe takardar. Lissafin na ma'aunin da ake rubutawa FEU ne, ba duk ɗakunan gwaji ke amfani da shi ba, ki duba gefen lambar. Kuma lissafin ba ya aiki sai ga wanda likita ya duba ya ga zargin ba shi da ƙarfi.

Nan ne nake ganin ana yawan tsallake. Kafin a ɗebi jini ya kamata a auna sha-raɓar ƙafafun biyu da tef. Bambancin da ya wuce santimita 3 abin lura ne. A tambaya ko ya yi kwanciyar jinya ta kwana 3 ko fiye, ko an yi masa babbar tiyata cikin makonni 12, ko yana da ciwon daji, ko ya taɓa yin irin wannan. Ki faɗa musu ma idan ya yi doguwar tafiya a zaune, irin jirgin Umara ko motar Legas. Idan waɗannan sun taru, ba a tsayawa kan di-daima, sikanin dofla ake yi kai tsaye, wato hoton da ke duba yadda jini ke gudu a jijiya, shi ke nuna jijiyar cinya da ta bayan gwiwa. Manyan asibitoci irin na Malam Aminu Kano suna yi. Wani lokaci hoton farko ba ya nuna komai, sai a ce a maimaita bayan mako guda. Kada ku ɗauka neman kuɗi ne.

Don Allah kafin nan ban da tausa, ban da ƙahon wanzami, na san dattawanmu da son su. Kada kuma a saya masa maganin tsinka jini a kemis: yana sauke di-daima ya rikita sakamako, kuma sai an duba ƙodarsa da yawan jininsa kafin a ɗora shi a kai.

Idan numfashinsa ya sarƙe, ko ƙirji ya riƙe, ko ya yi tarin jini, wataƙila gudan ya tafi huhu. Ku nufi sashen gaggawa a lokacin, ko da tsakar dare ne, ku riƙe takardar gwajin a hannu.