Na Ƙaryata Shugaba a Facebook, Mahaifina Ya Ce In Janye: Mene ne Hukunci?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni magidanci ne a cikin garin Sakkwato, muna zaune gida ɗaya da Baba da Yayana. Wani mai riƙe da muƙamin siyasa ya shiga rediyo ya ce an gama rijiyar burtsatse ta unguwarmu, har jama'a na ɗibar ruwa. Wallahi Malam tanki kawai aka ɗora, ko famfo ba a sa ba, har yau wurin 'yan ga-ruwa muke saye. Na ɗauki hoto na sa a Facebook na ce ƙarya ce, cikin fushi kuma na kira shi ɓarawo. Baba tsohon ɗan jam'iyyarsu ne. Ya ce na ci naman shugaba kuma na kunyata shi, don haka in goge, in rubuta cewa ban bincika ba. Shi kuma Yaya yana cikin yaran da ake biya su yaɗa ayyukan mutumin, shi ma ya rubuta cewa an gama. Yau kwana 11 ba mu gaisa ba, matanmu ma sun daina aika wa juna abinci. Ina da zunubi? Ya wajaba in bi umarnin Baba?

AMSA

Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Ɗana, faɗin cewa ba a gama rijiyar ba, alhali ka gani da idonka, halal ne, kuma ana fatar lada a kansa in niyya ta gyaru. Kiransa ɓarawo ba tare da hujja ba haramun ne, wajibi ka goge. Rubuta cewa ba ka bincika ba ƙarya ce, ba a yi wa mahaifi biyayya a cikinta. Gabar da ke tsakaninka da yayanka kuwa ta wuce iyakar da shari'a ta yarda, kuma ita ce abin da ya fi gaggawa cikin duk abin da ka lissafa.

Mutanenmu sun ɗauki ƙaryar ɗan siyasa kamar ba ƙarya ba, sai ka ji ana cewa "ai siyasa ce". Shari'a ba ta san wannan rangwame ba, ita nauyi ma ta ƙara. Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ambaci mutum uku da Allah ba zai yi magana da su ba ranar ƙiyama, ba zai tsarkake su ba, kuma suna da azaba mai raɗaɗi: tsoho mazinaci, da sarki maƙaryaci, da matalauci mai girman kai. Malamai sun ce an ware su ne saboda abin da kan tura mutum ga wannan saɓo ya yi rauni a wurinsu. Talaka kan yi ƙarya don tsoro ko kwaɗayi, to mai mulki wa yake tsoro? Sannan ƙaryarsa ba ta tsayawa a bakinsa. Idan aka sanar an gama rijiya, an cire unguwarku daga jerin masu jiran ruwa ke nan. Matarka za ta ci gaba da ƙirga jarka, alhali a takarda an shayar da ku. A hadisin Ma'aƙil ɗan Yasar, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, duk wanda Allah ya ba kiwon jama'a ya mutu yana mai ha'intarsu, Allah ya haramta masa Aljanna.

Maganar Baba cewa ka ci naman shugaba tana da asali, kada ka raina ta. Giba haramun ce, kuma shugaba Musulmi ne, mutuncinsa na da alfarma kamar na kowa. Sai dai malamai, cikinsu har da Imamu Nawawi, sun lissafa wurare 6 da ambaton aibin mutum ba ya zama giba, daga ciki akwai kai ƙarar zalunci, da neman taimako don gusar da abin ƙi, da gargaɗin Musulmi. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 148, ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Kai kuwa ba sirrin gidansa ka tona ba. Magana ce ya yi a rediyo, kan dukiyar jama'a, game da unguwar da kake kwana a cikinta.

Na san za a kawo maka cewa nasiha ga shugaba a ɓoye ake yin ta. Gaskiya ne wannan shi ne asali, kuma Usama ɗan Zaid, da aka ce masa ya je ya yi wa Halifa Usman magana, ya amsa cewa ya yi masa tsakaninsa da shi, ba tare da ya buɗe wata ƙofar da ba ya son zama farkon mai buɗe ta ba. Amma magabatan nan sun gyara kuskuren fili a fili. Marwan ɗan Hakam ya gabatar da huɗuba kafin sallar Idi, wani mutum ya miƙe ya ce salla ce kafin huɗuba. Abu Sa'idil Khudri ya ce wannan ya sauke abin da ke kansa, kuma a nan ne ya ruwaito hadisin wanda ya ga abin ƙi ya gyara shi da hannunsa, in bai iya ba da harshensa. Abin da na fahimta daga haɗa nassoshin nan shi ne, laifin da ya shafi shugaba shi kaɗai a same shi a keɓe. Labarin ƙarya da ya riga ya shiga kunnen dubban mutane kuwa, raɗa a ofis ba ta fitar da shi, sai a gyara shi inda aka ji shi. Wannan ba tawaye ba ne. Tawaye shi ne ɗaukar makami da kwance hannu daga biyayya. Sayyidina Abubakar da kansa, a huɗubarsa ta farko, ya ce gaskiya amana ce, ƙarya ha'inci ce, in ya kyautata a taimake shi, in ya munana a miƙar da shi.

Abin yana mini ciwo idan na ji ɗan Sakkwato yana cewa yi wa mai mulki magana ba tarbiyyarmu ba ce. Wajen shekarar 1788, Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla ya yi musu kyauta. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo bai karɓa ba, ya nemi abubuwa 5 a madadinta, cikinsu har da a saki waɗanda ke tsare, a kuma sassauta wa talakawa haraji. A gaban taro ya faɗa, ba zagi, ba fadanci. Ƙanensa Abdullahi na Gwandu ma, da ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'arsu tun ana cikin jihadi, bai ce ai namu ne ba. Ya soki abin a rubuce, har ya kama hanyar gabas, mutanen Kano suka tsayar da shi. Wanda ke zuwa Hubbare ziyara ya kamata ya san wannan.

Yanzu ga inda ka zame. Idonka ya ga tanki ba famfo, wannan ka sani. Ba ka san inda kuɗin suka shiga ba. Mai yiwuwa an sace, mai yiwuwa ba a saki kuɗin ba, mai yiwuwa ɗan kwangila ne ya kai masa rahoton ƙarya shi kuma ya karanta. Ko ma wanne ne nauyin bincike na wuyansa, amma kalmar ɓarawo tuhuma ce da ke buƙatar shaida, kai kuwa ba ka da ita. Allah ya ce a Suratul Isra'i, aya ta 36, kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa, kuma a Ma'ida, aya ta 8, ya hana ƙiyayyar wasu mutane ta sa a bar adalci. Ko "maƙaryaci" ma ni da ka bar ta. Ka ce: "An faɗi a rediyo ranar kaza cewa an gama, ga hoton wurin yau, ba a gama ba." Wannan ta fi zagi ƙarfi, gani ya kori ji. An umarci Annabi Musa da Haruna su yi wa Fir'auna magana mai taushi, balle Musulmin da kuke salla alƙibla ɗaya. Ka goge kalmar, ka rubuta a fili cewa ka janye ta domin ba ka da hujja, ka nemi gafarar Allah. Ka kuma san cewa dokar laifukan intanet ta 2015 ta sa an tsare mutane saboda rubutu, ba hikima ba ce ka miƙa wuyanka kan kalmar da ba za ka iya kare ta ba.

Ka riƙa bambanta labarin ƙarya da alkawarin da ba a cika ba. "Na yi" alhali bai yi ba ƙarya ce tun ranar da aka faɗa. "Zan yi" kuwa sai an duba: in tun farko ba shi da niyyar cikawa, alamar munafunci ce, in kuma ya yi niyya abu ya gagara, haƙƙinku ne ya fito ya yi bayani.

Game da Baba, umarninsa kashi biyu ne. Cewa ka rubuta ba ka bincika ba, wannan kada ka yi, domin biyayya a cikin abin kirki take. Allah ya ce a Nisa'i, aya ta 135, ku tsaya da adalci kuna masu shaida saboda Allah, ko da a kan kawunanku ne ko iyaye da dangi. Amma in ya ce ka daina rubutu kan wannan batu, a nan ina ganin ka saurare shi. Ƙaryata wannan labari farilla ce ta kifaya, wato in wasu suka yi ta faɗi a kan sauran, ba kai kaɗai ke unguwar ba, biyayyar mahaifi kuwa a kanka take kai tsaye. In akwai waɗanda za su ci gaba da magana, ka bar musu Facebook, ka koma wata hanyar da ba za ta sa a riƙa nuna Baba da baki a majalisarsu ba. Ku haɗu da dattawan unguwa da limami ku rubuta takarda, ku kai wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma da ɗan majalisarku. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman bayani a rubuce daga hukuma, ta kuma sa kwana 7 na amsa. Ƙuri'arka ma shaida ce, ranar zaɓe ba mai shiga da kai.

Ka same shi bayan sallar Isha'i, ba a gaban mata da yara ba. Ka durƙusa ka ce: "Baba, na yi kuskure da na zagi mutum, na goge. Amma ba zan iya cewa akwai ruwa ba, kai ma ka san babu." Ka ba shi haƙuri kan ɓacin ran da ka jawo masa. Dattijon da ya ba jam'iyya shekarunsa ba rijiya yake karewa ba, fuskarsa yake karewa a cikin abokansa, ka tausaya masa. In Suratu Luƙman ta ce a zauna da iyaye da kyautatawa ko da suna kiran ɗansu zuwa shirka, ina ga saɓanin jam'iyya? Ƙila ma shi ne zai fi kowa iya kai maganar inda za a ji, ka roƙe shi ya kai.

Yayanka ne ya fi ba ni tsoro. Aikin yaɗa ayyukan shugaba halal ne in abin da ake yaɗawa gaskiya ne. Amma Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito daga Ka'ab ɗan Ujra cewa Annabi (SAW) ya ce za a yi wasu shugabanni a bayansa, wanda ya gaskata su a kan ƙaryarsu, ya taimake su a kan zaluncinsu, ba ya tare da shi, kuma ba zai iske shi a bakin tafki ba. A hadisin Samura cikin Bukhari an nuna wa Annabi mutumin da ake tsaga masa baki har ƙeya, aka ce shi ne wanda ke fita daga gidansa ya yi ƙaryar da za ta kai sasannin duniya. Yau da waya ake yin wannan, ba sai an fita ba. Kuɗin da aka karɓa a kan rubutun da ya san ƙarya ne haramun ne, kuma da shi ake cefanen 'ya'yansa. In ya ce maka siyasa yaƙi ce, yaƙi kuwa ɗan zamba ne, ka gaya masa rangwamen da ya zo a hadisin Ummu Kulsum na yaƙi da abokan gaba ne, da sulhunta mutane, da zancen miji da mata. Maƙwabtan da ke jiran ruwa ba abokan gaba ba ne. Ka gaya masa wannan ku biyu, a matsayinka na ƙane, kada ka amsa masa a ƙarƙashin rubutunsa duniya na kallo.

Kafin nasihar sai sallama. Bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Kun yi 11, a gida ɗaya, ciki ɗaya. Kai ne ƙarami, ka je ka gaishe shi yau, ko bai amsa ba. Ka ce wa maiɗakinka ta zuba abinci ta aika sashensu kamar yadda aka saba, in an dawo da kwanon gobe ta sake aikawa.

'Ya'yanku suna kallon duk wannan, sun kuma ji kana cewa ƙarya ce, ƙarya ce. Abu Dawud ya ruwaito cewa mahaifiyar Abdullahi ɗan Amir ta kira shi yana yaro ta ce zo in ba ka, Annabi (SAW) ya tambaye ta me za ta ba shi, ta ce dabino. Ya ce da ba ta ba shi kome ba, da an rubuta mata ƙarya. To ka duba alkawarin takalmin da ka yi wa yaro tun Ƙaramar Salla, da "je ka ce ba na nan" idan mai bin bashi ya yi sallama. In akwai irin wannan a kanka ka biya shi cikin makon nan, tare da goge waccan kalma da gaisuwar Yaya.

Allah ne mafi sani.