Fom ɗin Access da ke ajiye canji ba a sa shi ba

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka sai da gabana ya faɗi, don ka taɓo min tsohon miki. Ka ce fom ɗinka na Access, manhajar Microsoft ta adana bayanai, yana ajiye canji da zarar an matsa zuwa bayanin gaba, alhali ba a danna madannin ajiyewar da ka sa ba. Ba laifinka ba ne. Muddin fom yana ɗaure da tebur, wato inda bayanan ke zama, matsawa gaba, rufe fom, danna Shift da Enter, duk ajiyewa ne a wurin Access. Madannin naka ado ne kawai.

Ni wannan abin ne ya jawo aka ci min mutunci. Wani Alhaji mai sayar da atamfa na yi wa fom na masu ɗaukar kaya bashi, zamanin Access 2003. A wancan, ka ɗan murza tayar linzamin kwamfuta (mouse) sai fom ya tsallaka kan wani mutum, sai a na 2007 aka daina. Yaron shago zai gyara lissafin wata Hajiya, yatsansa ya taɓa tayar, ya ci gaba da bugawa a kan bashin wani dillali. Naira 80,000 ta koma 8,000, ta zauna daram. Da abin ya fashe, Alhaji bai kira ni gefe ba. A bakin shago, gaban masu ciniki da 'yan dako, ya ce na haɗa baki da dillalin. Ni da na yi sati biyu ina kwana kan aikinsa da janareton aro! Yaron yana tsaye yana sosa ƙeya, bai ce uffan ba. Littafin bashi na takarda ne ya wanke ni, amma ko "yi haƙuri" ban samu ba, cikon kuɗin aikina kuma har yau shiru. Na bar shi da Allah.

To, ka je BeforeUpdate, wato wurin rubuta umarnin da Access ke bi dab da zai ajiye, na fom ɗin kansa, ba na akwatin rubutu ba, nan mutane ke ruɗewa. Duk hanyar da Access zai bi ya ajiye, sai ya ratsa ta nan. Ka sa MsgBox, ɗan akwatin saƙo, ya tambaya ko a ajiye, in an ce a'a sai Cancel = True ya hana ajiyewa, Me.Undo kuma ya goge canjin. Sai dai yaran shago ba sa karanta saƙo, dannawa kawai suke. Shi ya sa ni yanzu nake ajiye wata alama a cikin umarnin (code) fom wadda madannin ajiyewa kaɗai ke kunnawa kafin ya kira Me.Dirty = False, umarnin da ke sa a ajiye. In BeforeUpdate ya tarar da ita a kashe, ya hana. Kar ka manta kashe ta bayan an ajiye.

A saitin fom, ka mayar da Cycle zuwa Current Record, kar Tab ya fice da mutum daga akwatin ƙarshe zuwa bayanin wani. Ka nuna wa yaran shago ɗan fensirin nan na gefen hagu, shi ke nuna akwai canjin da bai shiga ba, Esc sau biyu kuma yana goge shi.

Af, AutoNumber, lambar da Access ke ba kowane sabon bayani da kansa. Kar ka kuskura ka yi lambar rasit da shi. Duk sabon bayanin da aka fara aka fasa, lambarsa ta ƙone, gobe mai shago ya ga 41 sai 43 ya ce ka cinye rasit ɗaya. Kuma don Allah kowace yamma ka kwafe fayil ɗin a filashi, ka riƙa karɓar rabin kuɗinka kafin ka fara aiki.

Ba ka faɗa ba ko akwai ƙaramin fom a cikin babban. In akwai, da zarar an danna cikinsa babban ya riga ya ajiye, Me.Undo ba zai dawo da shi ba. Ka gaya min, don wannan maganinsa daban ne.