Hotunan da Nake Ɗauka a Dala Suna Fitowa Fari Fat

Tambaya: Malam, ina ɗaukar hoto da wayata don nishaɗi, amma duk wanda na ɗauka daga kan Dutsen Dala sai sama ta fito fari fat, gari kuma ya dusashe. Ina gyaran yake?
Wata mai karatu daga Gwammaja

Amsa: Malama, ina kyautata zaton da rana tsaka kike hawa, wataƙila ma a lokacin hunturu. Ƙurar hazo tana warwatsa haske, shi ya sa abin da yake nesa, kamar Goron Dutse, yake ɓacewa a hoto. Ki hau da sanyin safiya ko bayan La'asar, ki ba rana baya, ki goge gilashin kyamarar, sannan ki taɓa sararin sama a fuskar wayar domin ta rage hasken da kanta. A ganina, damina ta fi dacewa da wannan aiki, musamman washegarin ruwa.

Idan hazo ya yi kauri, ki nemi abin da yake kusa. Shuɗin baba a marinar Ƙofar Mata yana fitowa da kyau ƙwarai, sai dai ki nemi izinin marina kafin ki ɗauke su.