Gandun daji kaɗai ba zai ceci halittu ba

Tambaya: Malam, tunda gwamnatoci suna keɓe gandun daji domin dabbobi da tsirrai, mene ne kuma amfanin cusa batunsu cikin tsarin rabon filaye da shata gari? Ba jan ƙafa ba ne kawai ga ayyukan raya ƙasa?

Amsa: Gandun daji yana da amfani, amma dabba ba ta san iyakar da aka shata mata a takarda ba. Giwa tana bin hanyar da ta gada zuwa mashaya, ƙudan zuma yana fita neman fure. Da zarar titi ko rukunin gidaje ya datse wannan hanya, gandun ya zama tsibiri, abin da ke cikinsa sai ya yi ta raguwa.

Rahoton 2019 na IPBES, hukumar ƙasa da ƙasa mai nazarin yanayin halittu, ya nuna cewa nau'in halittu kusan miliyan 1 na fuskantar ƙarewa, kuma babban dalili a doron ƙasa shi ne sauya amfanin fili: daji ya koma gona, fadama ta koma unguwa. A kan taswira ake yanke wannan hukunci, tun kafin a kafa turke ko ɗaya. Shi ya sa yarjejeniyar ƙasashen duniya kan kare halittu, wato ta Kunming da Montreal ta Disambar 2022, ta sa tsara filaye a matsayin buri na farko cikin 23.

Ƙa'idar da ake bi wajen tsara filaye tana da jeri: a kauce wa wurin, in ba hali a rage ɓarnar, a gyara abin da ya lalace, diyya, wato samar wa halittu madadin abin da aka ɓata, ita ce ƙarshe. A Ingila, tun Fabrairun 2024, doka ta wajabta wa yawancin masu sabon gini su bar halittu da ƙarin kashi 10 cikin 100 a kan yadda suka tarar da su, su kuma kula da wurin shekara 30. A gandun Banff na Kanada an gina wa dabbobi gadoji da hanyoyin ƙarƙashin babban titi, haɗurran mota da namun daji suka ragu ƙwarai.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake tsallakewa kai tsaye zuwa diyya. Dashen sababbin itatuwa ba ya maye gurbin kurmin da ya shekara ɗaruruwa.

Batun jan ƙafa kuwa, karkatar da titi a kan taswira ya fi sauƙi da araha a kan rushe gidajen da aka gina a fadama bayan ambaliya ta shiga. A zauna da manoma, makiyaya da masunta tun a matakin zane, domin su suka san inda ruwa ke kwanciya da damina.