Jirgin ƙasa zai iya tara wuta daga birkinsa?

Tambaya: Ni mai gyaran fanka ne da haɗa wutar sola a unguwar Zariya, nan Maradi. Na ji an ce a Turai jirgin ƙasa idan ya taka birki yana tara kuran, wato wutar lantarki, a cikin wani babban kondansater, ya sake amfani da shi. Gaskiya ne? In haka ne, me ya sa ba a sa bateri ba? Kuma jirgin Kano zuwa Maradi zai zo da irinsa?

Amsa: Gaskiya ne, malam. Ka tuna dinamon fitilar keke na da? Da zarar ka jingina shi da taya, sai ka ji feda ta yi nauyi. Wannan nauyin birki ne, kuma shi ne ke komawa hasken fitila. Haka motar lantarkin da ke juya ƙafafun jirgi take. Idan direba ya nemi tsayawa, sai ta rikiɗe ta zama janareto, gudun jirgin ya koma wuta. Matsalar ita ce inda za a zuba wutar. In akwai wani jirgi da ke tashi a kan layin a daidai lokacin, sai ya sha. In babu, ana tura ta cikin wasu wayoyin ƙarfe ta ƙone ta zama zafi, ta bi iska.

Ba ƙaramar asara ba ce. Jirgin cikin gari mai nauyin tan 40 da ke gudun kilomita 50 a awa yana ɗauke da ƙarfin da ya kai kimanin kilowat-awa 1. Fankarka ta rufi za ta kwana tana juyawa da shi har hantsi. Tsayawa ɗaya ke nan, kuma jirgin yana yin ɗaruruwa a yini.

Sai batun bateri. Bateri tulu ne mai ƙaramin baki: yana ɗaukar ruwa da yawa, amma sai a hankali. Birki kuwa kamar a sheƙo bokiti ne cikin daƙiƙa 15 ko 20. Abin da ke iya tarar wannan sai ƙwarya mai faɗin baki, wato sufakafasita. Dangin kondansater ɗin da kake canza wa fanka ne, wanda makanikan Kano ke kira kafasita. Na fanka yawanci wajen maikirofarad 2.5 ne, wannan kuwa guda ɗaya mai girman gwangwanin lemo yana kai farad 3,000, sama da ninki biliyan ɗaya. Sirrin yana cikin gawayin da aka sarrafa ya zama duk ƙofofi, har giram ɗaya yana da filin da ya haura murabba'in mita 1,000. Caji maƙalewa kawai yake yi a jikin gawayin, ba a jiran sinadari ya sauya kamar a bateri. Shi ya sa yake cika nan take, kuma yana jure ciko da juyewa har wajen sau miliyan ɗaya, inda baterin litiyam ke gajiya bayan 'yan dubbai. Kowane guda wajen bolt 2.7 ne kawai, don haka ana jera ɗaruruwa kafin su kai bolt 750 na layin.

An jima ana aiki da shi. A 2003 kamfanin Bombardier ya ɗora shi a rufin wani jirgin cikin gari a Manhaim ta Jamus, ya ce ana iya rage shan wuta har kashi 30 cikin 100. A Saragoza ta Sifen, jirgi yana ratsa tsakiyar gari ba wayar sama. A Guwanju ta Sin, tun 2014 akwai wanda ke cika cikin kimanin daƙiƙa 30 yayin da fasinja ke shiga.

Amma ƙwarya ƙwarya ce. Kilo ɗaya na sufakafasita yana riƙe wat-awa 5 zuwa 10, litiyam kuwa ya haura 150. (Don haka kada ka yi sha'awar sa wa kwastomanka a sola, kafin sallar isha'i gida ya yi duhu.) Kuma zafi maƙiyinsa ne: duk ƙarin digiri 10 yana rage masa kusan rabin rai. Ka auna rufin ƙarfe a ranar Afrilun Maradi, ga ƙurar hunturu tana toshe matatar iskar sanyaya.

Layin Kano zuwa Maradi, wanda aka aza harsashinsa a Fabrairun 2021, kimanin kilomita 284 ne, tasoshi kuma nesa da juna. A ganina kada ka sa rai. Jirgin kaya mai tan 2,000 a gudun kilomita 80 yana ɗauke da kusan kilowat-awa 137. Kama wannan zai ci sufakafasita na tan 14 zuwa 27, don birkin da ba a takawa sai jefi-jefi. Wannan tarago guda ne da gara a loda masa albasa. Inda abin ke biyan kuɗinsa shi ne jirgin da ke tsayawa duk bayan 'yan mintuna, irin na lantarkin da Legas ta buɗe a 2023.