Tsadar gogen Stradivari: sauti ake saya ko tarihi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, shekara biyu ke nan ina koyon gogen Turawa, wato biyolin, kuma kullum ina jin ana cewa babu gogen da ya kai na Stradivari daɗin sauti, har ana sayar da guda ɗaya a kan miliyoyin daloli. Shin akwai wani sirri da mutumin ya tafi da shi kabari, ko kuwa suna ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara basira. Antonio Stradivari gwani ne na gaske, wannan babu ja. Ya yi aikinsa a garin Kiremona da ke arewacin Italiya, garin da zuriyar Amati suka kafa wa sana'ar ƙera goge tun ƙarni na 16, kuma bai ajiye kayan aiki ba sai dab da rasuwarsa a 1737, yana da shekara sama da 90. An ƙiyasta cewa ya ƙera kayan kiɗa kimanin 1,100, waɗanda wajen 650 ne suka rage, kuma waɗanda aka fi daraja su ne na tsakanin 1700 da 1725. Abin da ba a ƙara yin irinsa, ga shi kowa yana nema, dole ya yi tsada. A 2011 an sayar da wani gogensa na 1721, mai laƙabin Lady Blunt, a kan fam miliyan 9.8, aka ba da kuɗin taimako ga waɗanda girgizar ƙasa da igiyar ruwa suka afka wa a Japan. Babban abin da ya ɗaga farashinsa shi ne ba a kaɗa shi sosai ba, ya zauna kusan yadda ya fito daga hannun maƙerinsa. Ka ga ke nan tarihi aka saya.

Batun sirri kuwa, an daɗe ana tafka muhawara. Wasu sun ce man da yake shafa wa katakon ne, wasu suka ce tsananin sanyin da aka yi a Turai a zamaninsa ne ya sa itatuwa suka girma a hankali, katakonsu ya yi kyau. Ni dai ban gamsu da cewa abu ɗaya ne ya yi wannan aiki ba. Akwai ma abin da masu wannan magana suke yawan mantawa: yawancin gogunan Stradivari da ake kaɗawa a yau an sake musu fasali a ƙarni na 19. An tsawaita wuyansu, an karkata shi baya, an sauya sandar da ke manne a ƙarƙashin fuskar gogen da wadda ta fi ƙarfi, domin sautin ya cika manyan zauruka. Tsirkiyoyin ma a da na hanjin tumaki ne. Sautin da kake ji yanzu, wani ɓangarensa aikin magyaran baya ne.

An kuma gwada maganar a aikace. A 2012, a kusa da birnin Faris, masu bincike ƙarƙashin Claudia Fritz suka ba fitattun makaɗa 10 goge 12, tsofaffi shida na Italiya da sababbi shida, suka sa musu tabarau mai duhu don kada su gane wanda suke riƙe da shi. Shida daga cikinsu suka zaɓi sabon goge, kuma makaɗan ba su iya bambance tsoho da sabo ba fiye da yadda mai canki-canka zai yi. Wannan bai rage wa Stradivari komai ba, ya nuna ne cewa maƙeran zamani, waɗanda da dama daga cikinsu a kan awonsa suke aiki, sun koyi darasinsa.

Abin da ya fi shafarka, Malam, shi ne gogen da ke hannunka. Idan ka leƙa ta tsagar da ke fuskarsa za ka ga wani ɗan siririn itace a tsaye tsakanin fuska da baya, kusa da ƙafar jakin da ke ɗauke da tsirkiyoyi. Ba a manna shi da gam, matsi ne kawai yake riƙe da shi, kuma Italiyawa suna kiransa ruhin goge. Na taɓa karɓar gogen wani ɗalibina da ya dushe kamar mai mura, yana ta cewa ai na araha ne. Na zura ɗan ƙarfe mai lanƙwasa, na matsar da wannan itace abin da bai kai faɗin ƙwayar gero ba, ya ja baka sau ɗaya, sai ya tsaya yana kallona, don muryar ta buɗe tar.

Saboda haka ka kai naka wurin wanda ya san gyara, ya duba wannan itace da tsayin jaki. Ka sabunta izgar baka idan ta yi santsi, ka riƙa shafa mata ƙaro daidai gwargwado, kana goge ƙurarsa daga fuskar gogen bayan kowane kiɗa. Idan kana zaune inda hunturu yake busar da iska, kada ka bar shi a waje ko cikin mota. Ka mayar da shi akwatinsa tare da ɗan soso mai danshi a cikin ƙaramin mazubi mai huda, domin bushewa tana tsaga katakon fuskar.