Amsa: Hadidis ɗina ya daina fitowa bayan na yi masa fomat

Malam, sannu da wannan matsala. Ka ce tun da ka yi wa hadidis ɗinka na waje fomat, kwamfuta ba ta ganinsa. Kada ka yanke ƙauna tukuna, sau da yawa lafiyarsa ƙalau.

Fara canza waya, ka kuma soka shi a wata kafar USB. Idan shiru, danna maɓallin Windows da X tare, ka shiga Disk Management, wato wurin da Windows ke nuna duk hadidis ɗin da ke haɗe da kwamfuta. In ka gan shi da baƙin layi an rubuta Unallocated, danna shi da maɓallin dama na maus, ka zaɓi New Simple Volume, ka ba shi harafin da zai riƙa fitowa da shi a kwamfuta. A wajen tsarin fomat, zaɓi NTFS, ko exFAT idan da Mac za ka riƙa haɗa shi. Tsarin FAT32 kuwa ba ya ɗaukar fayil da ya wuce 4GB.

Nawa ma haka ya yi mini a Tudun Wada, aka ɗauke wuta ana tsakiyar fomat, washegari ya nuna RAW, wato kwamfuta ba ta gane tsarin fomat ɗin da ke kansa ba.

Amma fa in akwai hotunan da kake son ceto, kada ka sake rubuta komai a kansa, har da yin New Simple Volume ɗin nan, ka gwada PhotoRec, manhajar ceto fayil, tukuna. Idan kuwa kana jin yana ƙyas-ƙyas a ciki, cire shi nan take ka kai wa mai gyara.